Ina Ruwan Bahaushen Kudu Da Tarihin Girkawa?



A jerin littattafan da kwamitin ilimi ya kawo don a saya wa ɗan ɗakin karatun da za mu buɗe a ofishin ƙungiya, guda uku ne suka jawo magana. Littattafan tarihi ne na wasu Girkawa da suka rayu kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wasu daga cikin iyayenmu sun ce kuɗin jama'a ne, bai kamata a zuba su a labarin masu bautar gumaka ba. Wasu matasa kuma cewa suka yi gara a cika kanta da littattafan JAMB da WAEC, su ne ke kai yaro wani wuri. Tunda za a kaɗa ƙuri'a a taro mai zuwa, na ga ya dace in faɗi nawa a fili. Ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar shugabanni ba. Ina ganin a saya, kuma ina ganin mu mazauna Kudu mun fi na gida buƙatar irinsu.

Bari in fara da babbansu, Hirodotus. An haife shi wajen shekara ta 484 kafin Miladiyya a wani gari mai suna Halikanasas, wanda a yau ake kira Bodrum, a bakin teku a ƙasar Turkiyya. Bagirke ne, amma garinsu a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Farisa. Bai zauna gida ba. Ya shiga Masar ya bi kogin Nilu har wajen Aswan, ya je birnin Taya da ke Lebanon ta yanzu, ya leƙa garuruwan bakin Bahar Aswad, ya zauna a Atina, daga baya ya koma wani sabon gari a kudancin Italiya. Wato mafi yawan rayuwarsa baƙo ne a garin wasu, yana cin abincinsu, yana magana da su ta bakin tafinta. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗan Sabo ya ji kamar ya taɓa ganin mutumin a majalisa.

Abin da ya ɗauko rubutawa shi ne yaƙin Girkawa da Farisawa, daga gumurzun Maraton a 490, zuwa Tamofili da Salamis a 480, zuwa Filatiya a 479. Amma ba ya sauri. Kafin ya kai ka fagen fama sai ya tsaya ya ba ka labarin kowace al'umma da Farisawa suka ci da yaƙi: yadda suke aure, yadda suke binne gawa, me suke nomawa, me suka haramta wa kansu. Kashi na biyu na littafin kacokan a kan Masar yake. Kalmar da Turawa ke kiran tarihi da ita ma daga bakinsa ta samo asali, kuma a Girkanci ma'anarta bincike, wato ka tashi ka je ka tambaya.

Ga wani labari da ya sa nake girmama shi. Ya ce wani Fir'auna mai suna Neko, wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, ya tura matuƙan jiragen ruwa 'yan Finisiya su kewaye Afirka. Suka tashi daga Bahar Maliya suka yi kudu. In lokacin shuka ya yi sai su sauka su yi noma, su jira girbi, su ci gaba. A shekara ta uku suka ɓullo ta mashigin Jibraltar suka dawo Masar. Da suka dawo suka ce yayin da suke kewaya ƙasan nahiyar, rana tana hannunsu na dama. Hirodotus ya rubuta wannan, ya kuma ce shi dai bai yarda ba, amma wani yana iya yarda. To ku duba. Wanda yake can ƙarshen kudancin Afirka ya fuskanci yamma, da tsakar rana zai ga rana ta karkata arewa, arewa kuwa tana damansa. Abin da marubucin ya ƙi gaskatawa shi ne a yau masana ke kafa hujja da shi cewa mai yiwuwa an yi tafiyar. Da irin masu rubutun nan ne da ke share duk abin da bai shiga kansu ba, da hujjar ta tafi. Ya ajiye maganar, ya ajiye shakkarsa a gefenta, ya bar wa na baya hukunci.

Kuma bai tsaya a bakin teku ba, ya leƙo wajenmu. Ya ba da labarin wasu samari biyar daga ƙabilar Nasamon ta Libiya, waɗanda suka yi ƙuri'a tsakaninsu suka ratsa hamada don su ga abin da ke bayanta. Bayan kwanaki masu yawa suka tarar da itatuwa, wasu gajerun mutane suka kama su, suka bi da su ta fadamu har wani gari na baƙaƙen fata, a bakin wani babban kogi mai kada, wanda ke gudu daga yamma zuwa gabas. Shi ya ɗauka Nilu ne. Wasu masana na baya sun ce kwatancen ya fi kama da Neja, wasu suka ce a'a, har yau ba a daidaita ba. Ya kuma faɗi tuddan gishiri a cikin Sahara da mutanen da ke gina ɗakuna da gishiri saboda ba a ruwan sama, ya faɗi Garamantawa na yankin Fezzan masu keken doki. Har cinikin kurame ya kawo: 'yan Kartej su sauke kaya a bakin teku su tayar da hayaƙi su koma jirgi, mutanen ƙasa su zo su ajiye zinariya su ja da baya, a yi ta ƙari har kowa ya gamsu, ba wanda ya taɓa na wani kafin ciniki ya faɗa. Jikokin fatake da 'yan goro ne mu. In wannan bai ba mu sha'awa ba, me zai ba mu?

Amma babban abin da nake so yaranmu su ɗauka a wurinsa shi ne yadda yake kallon baƙuwar al'ada. Ya kawo labarin Sarki Dariyus na Farisa, wanda ya kira Girkawa, su kuwa ƙona gawa suke yi, ya tambaye su nawa za a ba su su ci gawar iyayensu. Suka ce babu kuɗin da zai sa su yi haka. Sai ya kira wata ƙabila daga Indiya da aka ce su cin gawar iyayensu suke yi, ya tambaye su a gaban Girkawan nawa za a ba su su ƙona ta. Suka ɗaga murya suka roƙe shi ya daina irin wannan mugun zance. Mu Musulmi muna da mizanin da muke auna daidai da kuskure, duka biyun nan ba namu ba ne, kuma ba ina cewa duk al'adu ɗaya suke ba. Abin da nake nufi, yaron da ya karanta wannan zai gane cewa maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo, yadda yake ganin tasa al'adar ita ce ta mutane, haka maƙwabcin yake ganin tasa. Wannan fahimtar tana rage zafin kai a gidan haya da a kasuwa. Sai da aka zagi Hirodotus a kan haka. Shekaru ɗaruruwa bayan mutuwarsa, wani marubuci ɗan ƙasarsu, Fulutak, ya rubuta maƙala guda yana sukarsa, har ya kira shi mai son baƙi. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin mutanenmu da 'yan gari ya san irin wannan suna, don an sha laƙaba masa shi da Hausa.

Yana da nasa aibin, kada in yi masa kwalliya. Ya ce a Indiya akwai tururuwa da ta fi yanyawa girma tana tono zinariya. Ya ce sojan ƙasa na Sarki Zaksis sun kai 1,700,000, in an haɗa da na ruwa da masu hidima sun haura miliyan biyar. Babu masanin yau da ya yarda da wannan adadi, rijiyoyin hanya ma ba za su shayar da su ba. Sai dai shi da kansa ya gargaɗi mai karatu cewa aikinsa ya isar da abin da aka faɗa masa, ba dole ne ya gaskata duka ba. Malamanmu za su tuna Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya yi irin wannan gargaɗi a gabatarwar littafinsa na tarihi: in ka ga abin da hankalinka ya ƙi, daga masu ruwaya yake. Ibn Khaldun kuma a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya soki marubutan da ke ɗauko adadin runduna ba tare da sun tambayi kansu ko ƙasar za ta iya ɗaukar su ba. Cutar ɗaya ce a ko'ina. Har yau in rikici ya tashi, kafin magariba za ka ga adadin gawarwaki yana yawo a WhatsApp, ba wanda ya ƙirga.

Shi Zaksis ɗin, ku karanta yadda ya tara manyansa don shawara alhali ya riga ya yanke hukunci. Wani ɗan uwansa mai neman muƙami ya yi ta zuga shi, baffansa Artabanus ya ce a yi hattara, aka ci masa fuska a gaban jama'a. Da guguwa ta karya gadar da ya sa aka yi a kan mashigin teku, sai ya sa aka yi wa ruwan bulala 300. Wannan sarkin dai, da ya hau tudu ya ga rundunarsa ta cika ƙasa da ruwa, sai ya fashe da kuka, don ya tuna nan da shekara ɗari babu ko ɗaya da zai rage. Mutum ɗaya, ga girman kai ga rauni. Irin wannan ne ke sa ka kasa ajiye littafin.

Na biyu, Tusididis, wani irin mutum ne daban, kuma in za a ce in zaɓi ɗaya don amfanin ƙungiya shi zan zaɓa. Mutumin Atina ne, ya rubuta yaƙin da aka yi tsakanin Atina da Sifarta daga 431 zuwa 404, yaƙin 'yan uwa masu harshe ɗaya da addini ɗaya. Yana cikin yaƙin. A 424 shi ne kwamandan jiragen da aka nema su ceci garin Amfifolis, ya iso a makare, garin ya faɗa hannun abokan gaba, aka kore shi daga ƙasa shekara 20. Wannan korar ce ta ba shi damar jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Ya faɗi abin da ya same shi a 'yan layuka kaɗan, bai tsaya wanke kansa ba. A cikin manyanmu da ke rubuta tarihin rayuwarsu a yau, nawa ne za su iya haka?

Ya yi ƙorafin cewa aikin ya ba shi wuya, domin mutane biyu da suka ga abu ɗaya da idonsu sai su ba da labari iri biyu, wani saboda son ɓangarensa, wani saboda mantuwa. A nan sai na yi murmushi. Duk sakataren da ya taɓa karanta bayanin taron baya a gaban jama'a ya san wannan. Mutum ya yi magana a gaban mutum hamsin, bayan mako huɗu ya rantse ba haka ya ce ba, kuma ba ƙarya yake nufi ba, haka kansa ya ajiye masa. Shi ya sa rubutu a kan lokaci yake da daraja, shi ya sa kuma jin ɓangare ɗaya bai isa ba.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne rarrabe dalilin da ake faɗa da dalilin gaske. Ya kawo rigingimun da suka kunna wutar, wata a kan tsibirin Kosira, wata a kan garin Fotidiya. Sannan ya ce ainihin dalilin, wanda ba a cika furtawa ba, shi ne ƙarfin Atina da ke ta ƙaruwa da tsoron da hakan ya jefa a zukatan Sifartawa. Masana siyasar duniya har yanzu suna jawo wannan magana. A 2017 wani malamin jami'ar Harvard, Graham Allison, ya fitar da littafi yana auna Amurka da Sin da ita. Ni ba sai na je Sin ba. Mun ga Shagamu a 1999, mun ga Idi-Araba a 2002, mun ga Ile-Ife a 2017, mun ga kasuwar Shasha a Fabrairun 2021. Kusan kowanne in ka tambaya za a ce maka daga faɗan mutum biyu ya faro. Faɗan mutum biyu ana yin sa kullum a kasuwa, a rabu lafiya. Me ya sa ranar nan ya zama gobara? Wa ke jin ana ƙwace masa rumfa ko shugabancin kasuwa, wa ke jin an raina shi, wane tsoro ne ya daɗe yana taruwa a ɓangarorin biyu? In shugabanninmu masu tasowa ba su iya yin wannan tambayar ba, za mu ci gaba da sulhunta ashana mu bar tulin fetur a ɗaki.

Akwai wasu shafuka a kashi na uku da nake so a karanta wa kowane matashi mai riƙe da waya. Yana bayanin yaƙin basasar da ya ɓarke a Kosira, tsibirin da yau ake kira Kofu, a 427. Ya lura cewa a irin wannan lokaci har kalmomi sukan sauya ma'ana. Mai ganganci ya zama jarumi. Mai cewa a dakata a bincika ya zama matsoraci. Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ake amincewa da shi, wanda ya yi masa musu a zarge shi da cin amana. Zumuncin ƙungiya ya fi na jini ƙarfi. Masu tsaka-tsaki kuwa, ɓangarorin biyu suka haɗu suka gama da su. Ku tuna daren da aka ce an taɓa namu a wata unguwa, ku tuna saƙonnin murya da suka riƙa shigowa, ku tuna sunan da aka kira dattijon da ya ce a jira safiya.

A shekarar dai, majalisar Atina ta zauna a kan mutanen Mitilini da suka yi tawaye. Cikin fushi aka yanke hukuncin a kashe duk namiji baligi, a bautar da mata da yara, aka tura jirgi da umarnin. Da gari ya waye jikin mutane ya yi sanyi, aka sake zama. Kiliyon, wanda ya fi kowa iya tayar da jama'a, ya ce sauya magana rauni ne. Wani mai suna Diyodotus ya tashi, bai ma roƙi a ji tausayi ba, lissafi ya yi musu: in kuka kashe mai laifi da marar laifi, gobe duk garin da ya yi tawaye zai yi faɗa har mutum na ƙarshe, ku kuma ku gaji kufai marar haraji. Da ƙyar ra'ayinsa ya rinjaya. Aka tura jirgi na biyu, na farko ya ba shi ratar kwana guda. Matuƙan suna tuƙi suna cin abinci, suna barci bi da bi, suka iso daidai an gama karanta umarnin farko ba a kai ga zartarwa ba. Duk da haka an kashe waɗanda aka ce su ne kan gaba, sama da mutum 1,000. Tun da na karanta wannan nake goyon bayan duk wata doka ta ƙungiya da ta ce kada a yanke babban hukunci a ranar da abu ya faru.

Sauran abubuwan da ke ciki suna da yawa. Akwai annobar da ta faɗa wa Atina a 430, wadda ta kama shi kansa ya tashi, ya rubuta alamominta dalla-dalla don a gane ta in ta dawo. Wanda ya ga zaman kulle na korona a 2020 zai karanta wurin da wani ido. Akwai tsibirin Melos a 416, inda jakadun Atina suka gaya wa ƙaramin gari ƙiri-ƙiri cewa maganar adalci tsakanin tsara ake yin ta. Akwai yaƙin Sisili daga 415 zuwa 413, inda kwamanda Nikiyas, ana shirin janyewa cikin dare aka yi husufin wata, ya bi maganar bokaye ya ce a jira kwana 27, jiran da ya cinye rundunar gaba ɗaya. Masu cewa littafin arna ne su lura, marubucin da kansa ya nuna cewa camfi ya yi wa mutumin yawa.

Na ukun, Zinofon, ya fi sauƙin karatu, kamar fim yake. Sojojin haya Girkawa kimanin 10,000 sun bi wani yarima Bafarishe don ya ƙwace sarauta daga wansa. A 401 aka kashe yariman a kusa da Babila, aka yaudari kwamandojinsu zuwa zaman sulhu aka kama su aka hallaka. Suka wayi gari a tsakiyar ƙasar da ba tasu ba, ba jagora ba guzuri. Suka taru suka zaɓi sababbin shugabanni, suka riƙa yanke shawara da ɗaga hannu, suka ratsa duwatsu da ƙanƙara har suka hango Bahar Aswad kusa da Tarabzon. Yana yawan yabon kansa, wannan kam gaskiya ne, sai a karanta shi da wannan a zuci.

Yanzu ga iyayenmu da suka ce labarin masu shirka ne. Hukunci na malamai ne, ni ɗalibi ne. Amma Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Fir'auna da Adawa da Samudawa don mu wa'aztu, kuma Suratur Rum da yaƙin Rumawa da Farisawa ta buɗe. A Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun da ya yi mulki daga 813 zuwa 833, an fassara littattafan Girkawa na likitanci da lissafi da falsafa zuwa Larabci, aka ɗauki mai amfani aka bar sauran. Ba wanda zai karanta labarin Sarki Kirisas, da ya je wurin bokayen Delfi suka ce masa in ya yaƙi Farisa zai rushe babbar daula, ya tafi ya rushe tasa, sannan ya fito yana sha'awar boka. Kuma babu wanda ya ce a ajiye Sira ko tarihin Sahabbai. Suna saman jerin, a nan za su zauna.

Ga ƙannenmu masu maganar jarrabawa kuwa, na yarda da rabin maganarku, littattafan JAMB suna cikin jerin kuma su suka fi yawa. Amma ku tuna tun shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin mayar da shi. Da yawanku a wannan tsakanin kuka yi makaranta. Ba laifinku ba ne, amma giɓin yana nan. Littafin jarrabawa shekara ɗaya yake amfani, manhaja ta sauya a kai shi wurin mai ƙosai. Waɗannan sun yi shekara 2,400 ana kwafarsu da hannu, ana fassara su, ba wanda ya tilasta wa kowa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Masu masaukinmu sun rubuta nasu. Samuel Johnson ya kammala tarihin Yarabawa a 1897, rubutun ya ɓace a hannun masu ɗab'i a Ingila, ƙanensa Obadiah ya sake haɗa shi daga takardun da ya bari, aka buga a 1921. A gida muna da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, muna da Tarihin Kano, muna da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. To mu na Kudu fa? An kafa Sabon Ibadan a 1916. Littafin da aka fi sani a kan Hausawan wurin, da cinikin shanu da goro da tsarin masu gida da dillalai, wani masani ne daga jami'ar Ingila, Abner Cohen, ya zo ya zauna ya rubuta, aka buga a 1969. Allah ya sa ya yi. Amma dattawan da suka san yadda aka samu filin masallaci, da wanda ya ba da shi, da yarjejeniyar da aka yi da sarakunan gari a kan kasuwa da maƙabarta, kullum raguwa suke yi. Ranar da wani ya zo da takarda ya ce filin nan na kakansa ne, "an ce" ba za ta tsaya mana a kotu ba. Yaron da zai iya zama gaban dattijo da waya yana naɗar murya, ya tambayi wancan ɓangaren ma, ya rubuta inda aka saɓa ba tare da ya share ba, sai ya taɓa ganin yadda ake yi. A wurin waɗannan Girkawa da Ɗabari da Ibn Khaldun ake ganin hakan. Don haka ina roƙon kwamiti ya haɗa sayen littattafan da aikin naɗar muryoyin dattawa a kasafi ɗaya.

Matsalar da na yarda tana nan ita ce harshe. Da Turanci za mu same su, Hirodotus kuma akwai fassararsa ta Larabci ta zamani. Turancin tsofaffin fassarori yana da nauyi, ga sunayen garuruwa barkatai, dole sai da taswira a gefe. Shawarata a sayi bugun Penguin, yana da taswira da bayani. Wanda ba zai iya jira ba, tsofaffin fassarorin suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg. Sunayen da zai rubuta su ne Herodotus, Thucydides da Xenophon. Kada a fara daga shafin farko a ce sai an kai ƙarshe, gajiya za a yi. A Hirodotus a fara da kashi na biyu da ƙarshen na huɗu, inda yake maganar Afirka, sannan na bakwai. A Tusididis a fara da na uku, sai na shida da na bakwai. In an samu mutum biyar masu sha'awa, ranar Lahadi bayan la'asar ɗaya ya karanta shafi uku, wani ya mayar da Hausa don iyayenmu da ba su yi boko ba su sa baki. Zan kawo nawa kwafin na Tusididis a fara da shi kafin na ƙungiya su iso. Bangonsa ya yage, amma shafukan Mitilini da Kosira suna nan lafiya.

Wanda yake da saɓanin ra'ayi ya rubuto, za a saka a shafin nan kamar yadda aka saka wannan, kafin ranar taro.

Daga Sakataren ƙungiya